Ugadi da Karatun Pancanga: Tarken Ma'anar Addini da ta Taurari a Bikin Sabuwar Shekarar Kudancin Indiya

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki bikin Ugadi, wanda mabiya addinin Hindu masu magana da harsunan Telugu da Kannada suke buɗe shekararsu da shi, domin nazarin abin da yake nufi a wurin masu shi. An rarrabe abubuwa uku da suka cuɗanya a cikinsa: aƙidar farawar zamani, da lissafin tafiyar rana da wata, da hukuncin da masu duban taurari suke yankewa a kan shekara. Maƙalar ta nuna cewa tushen waɗannan abubuwa ya bambanta, haka ma ƙarfin hujjarsu, kuma mafi raunin cikinsu, wato hukuncin taurari, yana samun kwarjininsa ne daga zama kusa da lissafi ingantacce a cikin littafi guda.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin ilimin addinai yakan ci karo da kalmar "sabuwar shekarar Hindu" a rubuce-rubuce, sai ya ɗauka rana ɗaya ce da dukkan mabiya wannan addini suka haɗu a kanta. Lamarin ba haka yake ba. Mutanen Tamil Nadu suna buɗe shekararsu ranar 14 ga Afrilu bisa lissafin rana, mutanen Kerala suna bikin Vishu a daidai wannan lokaci, mutanen Gujarat kuwa sai bayan bikin Diwali, cikin Oktoba ko Nuwamba. Mafi yaɗuwa a cikin waɗannan ranaku ita ce ranar farko ta watan Caitra, wadda ake kira Ugadi a jihohin Andhra Pradesh da Telangana da Karnataka, ake kuma kiranta Gudi Padwa a Maharashtra, da Navreh a wurin Hindun Kashmir. Ita ce wannan nazari ya zaɓa, domin a cikinta ne aƙida da lissafi da duba suke haɗuwa a fili cikin yini ɗaya.

Kuskure na biyu da ake yawan yi shi ne tattara duk abin da ke cikin bikin a ƙarƙashin suna guda, a ce "bautar taurari" ko "camfi", a wuce. Irin wannan hukunci ba ya nuna wa mai karatu inda ilimi ya tsaya da inda da'awa ta fara, ba ya kuma bayyana dalilin da ya sa miliyoyin mutane, har da masu ilimin zamani, suke zama su saurari karatun littafin shekara a wannan rana.

2.0 Yadda Ake Tantance Ranar

Watan Hindu na kudanci yana farawa ne daga lokacin ijtima'i, wato sa'ar da wata ya zo daidai da rana a sararin sama, ba tare da jiran ganin jinjirin wata ba. Ana raba watan gida 30, kowane gida ana kiransa titi, kuma titi shi ne tsawon lokacin da wata yake ɗauka kafin ya ƙara nisan daraja 12 tsakaninsa da rana. Saboda saurin wata yana hawa yana sauka, titi yakan ɗauki kimanin sa'a 19 zuwa 26. Titin da hudowar rana ta riska shi ne yake ba yinin sunansa. Ugadi kuwa ita ce yinin da ya dace da titi na farko na rabin wata mai haske a watan Caitra.

Misali zai fayyace bambancin wannan tsari da wanda mai karatu ya saba da shi. Ranar 8 ga Afrilu 2024 an yi cikakken kusufin rana da aka gani a Meziko da Amurka da Kanada, kuma kusufin rana ba ya aukuwa sai a lokacin ijtima'i. Washegari, Talata 9 ga Afrilu, aka yi Ugadi a Indiya, alhali Musulmin Nijeriya ba su yi ƙaramar salla ba sai Laraba 10 ga wata. Wata guda ne ake bi, amma su sun ƙirga daga haɗuwarsa da rana, mu kuma daga ganinsa ko cikar kwana 30.

Shekarar wata tana gaza ta rana da kusan kwana 11. Domin kada bukukuwa su riƙa zagaya yanayin shekara, masana lissafinsu suna ƙara wata na 13 bayan kimanin wata 32 da rabi, suna kiransa adika masa. Ƙa'idarsa ita ce, duk watan da rana ba ta shiga sabon buruji a cikinsa ba, shi ne watan ƙari. Wannan ne ya sa Ugadi ta faɗo ranar 22 ga Maris a 2023, ta yi tsalle zuwa 9 ga Afrilu a 2024 saboda an maimaita watan Shravana a tsakani, sannan ta komo 30 ga Maris a 2025. Shi kansa watan Caitra ana gane shi ne da cewa a cikinsa rana take shiga burujin Mesha, wanda Larabawa suke kira Hamal. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi, domin za a koma gare shi a wajen tarke.

3.0 Ma'anar Addini

3.1 Farkon Zamani

Kalmar Ugadi ta fito ne daga kalmomin Sanskirit biyu: yuga, wato zamani, da adi, wato farko. A ruwayar da littattafan ibadarsu suke jingina wa Brahma Purana, wadda malaminsu Hemadri ya kawo a ƙarni na 13 Miladiyya, a wannan rana ce Brahma, wanda suke ɗauka abin bauta mai ƙaga halitta, ya fara aikinsa da hudowar rana. Masana falakinsu sun ɗauki wannan ruwaya sun mayar da ita harsashin lissafi. Baskara na biyu, a littafinsa Siddanta Shiromani na shekarar 1150, ya ɗora farkon ƙirgar kwanaki da watanni da shekaru a kan hudowar rana ta ranar Lahadi, ɗaya ga Caitra, a kan layin Lanka.

Zamani a wannan aƙida zagaye yake yi. Akwai zamuna 4 da suke biyo juna, kowane na baya ya fi na gabansa lalacewa, jimillarsu shekara 4,320,000. Dubun irin wannan zagaye shi ne yini guda na Brahma, wanda halitta take naɗewa a ƙarshensa, sannan ta sake buɗewa. Zamanin da suke ganin ana ciki yanzu shi ne Kali Yuga, mai tsawon shekara 432,000, wanda suka ce ya fara a shekarar 3102 kafin Miladiyya. Saboda haka idan limamin haikali ya buɗe karatu a ranar Ugadi, yakan ambaci matsayin shekarar a cikin wannan doguwar ƙirga. A 2025, alal misali, shekara 5126 ce ta shuɗe daga Kali Yuga, ita ce kuma shekarar 1947 a ƙirgar Shaka wadda ta fara a 78 Miladiyya. Manufar ambaton ita ce a tunatar da mai sauraro cewa shekararsa ƙaramar da'ira ce a cikin manyan da'irori, kuma kowace sabuwar shekara maimaici ce ta safiyar farko.

Daga nan ne ayyukan safiyar suke samun fassararsu. Ana share gida, a shafa mai a yi wanka, a sa sababbin tufafi, a rataya ganyen mangwaro a bakin ƙofa, mata su zana ado da garin shinkafa ko farar ƙasa a tsakar gida. A Maharashtra ana kafa gudi, wato doguwar gora da aka ɗaura wa ƙyallen alharini da ganyen darbejiya da na mangwaro, aka kifa mata tulun tagulla ko azurfa a ka. Waɗansu suna cewa tutar Brahma ce, waɗansu suna danganta ta da komowar Rama birnin Ayodya, waɗansu kuma da nasarar sarki Shalivahana. Yawan fassarorin yana nuna cewa al'adar ta riga bayananta, kowane zamani ya rataya mata labarin da ya fi kusa da zuciyarsa.

3.2 Ɗanɗano Shida

Abin da ya fi shahara a bikin shi ne wani haɗi da ake kira pacadi, wanda ake lasa da safe kafin a ci wani abinci. Ana haɗa furen darbejiya mai ɗaci, da mazarƙwaila mai zaƙi, da tsamiya, da ɗanyen mangwaro mai bauri, da gishiri, da barkono. Mai karatu Bahaushe ya san kowanne daga cikinsu, har ita darbejiyar da take inuwa a titunan garuruwanmu asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta. A Karnataka an taƙaita haɗin zuwa biyu, darbejiya da mazarƙwaila, ana kiransa bevu-bella. Fassarar da iyaye suke ba 'ya'yansu ita ce, shekara za ta zo da baƙin ciki da farin ciki da fushi da tsoro da ƙyama da mamaki, kuma mutum ba shi da ikon tsame ɗaya ya bar saura, don haka sai ya karɓe su da zuciya ɗaya. Wannan darasi ya yi daidai da abin da littafin Bagavad Gita yake koyarwa game da daidaita rai a gaban daɗi da wuya. A ganin wannan maƙala, nan ne zurfin ma'anar bikin yake, kuma abin lura shi ne darasin ba ya bukatar sanin tauraro ko ɗaya.

4.0 Karatun Pancanga

Da yamma jama'a sukan taru a haikali ko dandali domin abin da ake kira pancanga shravanam, wato sauraron littafin shekara. A babban haikalin Tirumala ana yin wannan karatu a gaban gunkin Venkateswara, gwamnatocin jihohi suna shirya nasu taron, gidajen talabijin kuma suna watsawa kai tsaye.

Pancanga na nufin gaɓoɓi biyar. Ta farko ita ce vara, wato ranar mako. Ta biyu titi, wanda aka riga aka yi bayaninsa. Ta uku nakshatra, wato manzilin da wata yake ciki, su 27 ne a lissafinsu, sun gaza manzilolin Larabawa da ɗaya. Ta huɗu yoga, wadda ake samu ta hanyar tara darajojin rana da na wata a raba gida 27. Ta biyar karana, wato rabin titi. Ban da waɗannan, littafin yana ɗauke da lokutan hudowar rana da faɗuwarta, da ranakun kusufi, da ranar da rana za ta shiga kowane buruji. Duk wannan lissafi ne da za a iya gwadawa, idan ya yi daidai a gani, idan ya kuskure ma a gani.

Sai dai jama'a ba domin jin waɗannan alƙaluma suke taruwa ba. Abin da suke jira shi ne hukuncin shekara, kuma yana da matakai uku. Na farko sunan shekarar, domin shekaru suna zagaye ne cikin jerin sunaye 60, daga Prabava zuwa Akshaya. Zagayen da ake ciki a kudu ya fara a 1987, shekarar 2024 ta zama Krodi, ta 38 a jeri, wadda sunanta yake nufin mai fushi, 2025 kuma ta zama Vishvavasu. Mataki na biyu shi ne majalisar shekara, inda ake naɗa taurari a muƙamai 9: sarki, da waziri, da sarkin yaƙi, da masu kula da shuka, da hatsi, da farashi, da gajimare, da sauransu. Daga halin tauraron da ya hau kowane muƙami ake faɗin yadda damina za ta kasance, da tsadar abinci, da zaman lafiya ko rashinsa. Mataki na uku ya shafi ɗaiɗaikun mutane, inda ake ba kowane buruji lambobi huɗu: na samu, da na kashewa, da na girmamawa, da na wulaƙanci. Manomi yana sauraro domin ya ji labarin ruwa, ɗan kasuwa domin farashi, uba kuma domin ranakun da suka dace da ɗaurin auren 'yarsa.

Malaman Musulunci sun daɗe da raba ilimin taurari gida biyu: ilimin tasyiri, wanda yake bin tafiyarsu domin sanin lokuta da jihohi, da ilimin ta'asiri, wanda yake da'awar sanin abin da zai auku a ƙasa daga yanayinsu. Wannan rabo yana da amfani a nan a matsayin ma'aunin nazari, domin su ma Hindun sun raba iliminsu na jyotisha zuwa siddanta, wato lissafi, da samhita, wato alamomin da suka shafi ƙasa baki ɗaya, da hora, wato duban haihuwar mutum. Pancanga ta haɗa ukun a tsakanin bango biyu.

5.0 Tarke

5.1 Sarkin Shekara Daga Ina?

Tambayar farko ita ce, ta yaya ake sanin tauraron da zai zama sarki? Mai sauraro zai zaci ana duba sama ne a ga wanda ya fi ƙarfi ko ya fi ɗaukaka a ranar. Ƙa'idar ta fi haka sauƙi: tauraron da ake jingina wa ranar makon da Ugadi ta faɗo shi ne sarki. A 2024 ta faɗo Talata, sai Mirriku ya zama sarki. Waziri kuma shi ne mai ranar da rana ta shiga Hamal, wanda a waccan shekara ya dace da Asabar, sai Zuhal ya samu muƙamin. Mai kula da gajimare ana fitar da shi daga ranar da rana ta shiga manzilin Ardra. Ke nan majalisar gaba ɗaya an gina ta ne a kan ranakun mako.

Shi kuwa mako, a cikin gaɓoɓin pancanga biyar, shi kaɗai ne ba ya bin motsin wani abu a sama. Jingina ranaku bakwai ga taurari bakwai tsari ne da ya bunƙasa a duniyar Girkawa da Rumawa. An jera taurarin daga mafi jinkiri zuwa mafi sauri, wato Zuhal, Mushtari, Mirriku, Rana, Zahra, Uɗarid, Wata, aka raba musu sa'o'i 24 na yini bi da bi, wanda ya samu sa'ar farko ya zama mai yinin. Wannan tsari bai shiga Indiya ba sai a ƙarnonin farko na Miladiyya, tare da buruji 12 da duban haihuwa. Shaidar hakan tana cikin harshen fannin kansa, domin kalmomi irin su hora da kendra asalinsu Girkanci ne, kuma ɗaya daga tsofaffin littattafansa sunansa Yavanajataka, wato duban haihuwa na Yunanawa. Rubutun dutse na Eran na shekarar 484 yana daga cikin mafi daɗewar shaidu masu kwanan wata da suka ambaci ranar mako a Indiya. Tsohon littafin lissafin lokutan ibada na zamanin Veda, wato Vedanga Jyotisha, bai san buruji ba, bai san mako ba, kuma shekararsa tana farawa ne a watan Maga, a tsakiyar hunturu. Saboda haka sashen bikin da ake gabatarwa a matsayin gadon farkon halitta yana daga cikin sassansa mafi ƙarancin shekaru.

5.2 Sunayen da Suka Rabu da Tauraronsu

Jerin sunaye 60 asalinsa yana bin Mushtari ne, wanda yake ɗaukar kimanin kwana 361 kafin ya ratsa buruji guda. Da yake wannan ya gaza shekarar rana da 'yan kwanaki, dole a tsallake suna ɗaya bayan kimanin shekara 85 idan ana son lissafin ya ci gaba da dacewa da tauraron. Masu lissafin arewacin Indiya sun ci gaba da tsallakewa. Na kudu sun daina tun wajen ƙarni na 10, suka mayar da sunayen jeri kawai, shekara ɗaya suna ɗaya. Sakamakon haka shi ne, a yau tazarar da ke tsakanin sunan shekara a arewa da sunanta a kudu ta haura suna 10. Idan mai karatun pancanga a Hyderabad ya fitar da halin shekara daga sunan Krodi, takwaransa a Banaras yana fitar da halin wannan shekara ɗin daga wani suna daban, alhali Mushtarin da ke kansu ɗaya ne.

5.3 Ranar da Ta Gusa

An ambata cewa watan Caitra yana rataye da shigar rana burujin Hamal. A lokacin da aka daidaita wannan lissafi, farkon Hamal ya dace da i'itidalin bazara, wato ranar da dare da yini suke daidaita. Amma wurin i'itidali yana ja da baya a hankali idan aka auna shi da tsayayyun taurari, kimanin daraja 1 a cikin shekara 72. Lissafin Hindu ya riƙe taurarin, ya saki i'itidalin. A ma'aunin Lahiri, wanda gwamnatin Indiya take amfani da shi, wuraren biyu sun haɗu a shekarar 285 Miladiyya, yanzu kuma tazararsu ta kai kimanin daraja 24. Shi ya sa i'itidali yake aukuwa wajen 20 ko 21 ga Maris, amma ba a bikin shigar Hamal sai 14 ga Afrilu. Sunan Vishu na mutanen Kerala ma yana nufin daidaito ne, ga shi ana yin bikin bayan daidaiton ya wuce da fiye da mako uku.

Masanan Indiya sun san da wannan matsala. A 1952 aka kafa kwamitin gyaran kalanda ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, ya tarar da kalanda kusan 30 ana aiki da su a ƙasar, ya miƙa rahotonsa a 1955. Daga shawararsa aka fitar da kalandar ƙasa wadda ta fara aiki ranar 22 ga Maris 1957, daidai da 1 ga Caitra 1879 a ƙirgar Shaka, aka ɗaure farkon shekara da i'itidali. Amma a kan bukukuwan addini kwamitin bai iya raba jama'a da lissafin taurari ba, sai ya tsayar musu da ma'auni guda. Har yau kalandar ƙasa ba ta wuce takardun gwamnati da sanarwar rediyo ba, gidaje da haikali suna bin pancanga. A Tamil Nadu lamarin ya shiga siyasa: a 2008 gwamnatin Karunanidi ta mayar da sabuwar shekara zuwa farkon watan Tai a Janairu, a 2011 gwamnatin Jayalalita ta soke dokar ta komar da ita Afrilu. Ranar da ake cewa sama ce ta zaɓe ta, ga majalisar dokoki tana ɗaga ta tana ajiyewa.

Ita ma shekarar 3102 kafin Miladiyya tana da irin wannan matsala. Littattafan siddanta sun ɗauka cewa dukkan taurari masu tafiya sun haɗu a farkon Hamal a wancan lokaci. Lissafin falaki na zamani ya nuna cewa ba su haɗu a wuri guda ba, masana tarihin kimiyya kuma suna ganin an samo ranar ne ta hanyar lissafi da baya. Aryabata, wanda ya rubuta littafinsa a 499, yana daga cikin na farkon da suka yi ƙirga da ita.

5.4 Amsar Masu Bikin

Adalci yana wajabta a kawo abin da masu wannan al'ada suke faɗa. Masu zurfin ilimi a cikinsu suna cewa taurari alamu ne da suke nuna sakamakon ayyukan da rai ya gabatar a rayuwarsa ta baya, wato karma, ba su ne masu aikatawa ba. A wannan fahimta, sauraron pancanga shiri ne na zuciya domin abin da ke tafe. Sai dai a aikace ana bauta wa taurari tara, navagraha, a haikali, ana kuma yi musu hadaya domin kawar da sharrinsu, wanda hakan yake nuna ana ɗaukar su masu tasiri. Fahimtocin biyu suna zaune tare, don haka ɗalibi ya yi hattara kada ya jingina ɗaya kaɗai ga addinin baki ɗaya. Haka kuma suka ta fito daga cikin gida. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, ya karɓi sashen lissafi na jyotisha ya yi watsi da sashen duba. A 2001, da hukumar kula da jami'o'in Indiya ta amince a koyar da duban taurari a jami'a, masana kimiyya irin su Jayant Narlikar sun yi adawa da matakin, ko da yake Kotun Ƙoli ta ƙi soke shi a 2004.

Akwai kuma saɓani a cikin yinin kansa. Da safe pacadi yana koyar da cewa ɗaci da zaƙi za su zo, a karɓe su yadda suka zo. Da yamma kuma karatun pancanga yana alƙawarin faɗin yawan ɗacin da yawan zaƙin da za su riski kowa, har da hanyar rage ɗacin. Yadda jam'iyyun siyasa a Andhra Pradesh da Telangana suke gayyato nasu masu karatun, kowanne ya yi wa mai masaukinsa bushara, yana nuna sauƙin lanƙwasa darasin yamma zuwa ga son ran mai sauraro.

6.0 Darasi Daga Albiruni

Wannan hanya ta rarrabewa tana da magabaci a cikin malaman Musulmi. Lissafin falakin Indiya ya isa Bagadaza tun zamanin halifa Mansur a ƙarni na 2 na Hijira, aka san shi da sunan Sindhind, Alfazari da Alkawarizmi suka yi aiki da shi. Amma wanda ya yi nazarinsa daga tushe shi ne Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi Sanskirit, ya kammala littafinsa Tahƙiƙu ma lil-Hind wajen 1030. Ya yi bayanin watan ƙari ya kwatanta shi da na Yahudawa da nasi'in Larabawan Jahiliyya, ya kuma keɓe babi ga zagayen shekara 60. A batun kusufi ya yaba wa Varahamihira saboda ya bayyana shi da shigar wata cikin inuwar ƙasa, ya kuma zargi Brahmagupta da goyon bayan labarin Rahu mai haɗiye rana da wata domin gudun fushin limamai, alhali shi da kansa yana lissafin kusufi bisa ƙa'idar falaki. Albiruni bai jefar da lissafin saboda tatsuniyar da ke maƙwabtaka da shi ba, bai kuma karɓi tatsuniyar saboda ingancin lissafin ba. Ya fara kawo maganar mutane yadda suke faɗinta, sannan ya auna kowane sashe da ma'aunin da ya dace da shi.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa Ugadi ta ƙunshi abubuwa uku masu mabambantan asali. Akwai aƙidar zamani mai zagayawa da darasin ɗanɗano shida, waɗanda za a fahimce su ne a cikin tsarin tunanin Hindu game da halitta da karma. Akwai lissafin titi da manziloli da watan ƙari, wanda ilimi ne da ake iya gwadawa, kuma Musulmi sun amfana da shi a tarihi. Akwai kuma hukuncin shekara, wanda aka gina a kan ranakun mako da aka aro daga Girkawa, da sunayen shekaru da suka daina bin Mushtari, da buruji da suka gusa daga yanayin da aka san su da shi. Saboda haka ana ba masu koyar da kwatancen addinai shawarar su riƙa gabatar da waɗannan sassa uku daban-daban a aji, su kuma ɗora ɗalibai a kan karanta babukan kalanda da kusufi na littafin Albiruni a matsayin abin koyi wajen siffanta addinin wani kafin yi masa hukunci.